Zauren Mai Faifai: Oliver Nelson da faya-fayansa da ake ta sake bugawa

Wasiƙun wannan makon duk a kan mutum ɗaya suke, kuma ni na jawo wa kaina. Makonni uku da suka wuce na ambaci Oliver Nelson a gefen wata magana, na ce kamfanoni na ta sake buga tsofaffin faya-fayansa, sai ga saƙonni sun cika mini waya. Na zaɓi biyar. Masu tambaya a kan gyaran allurar garmaho su yi haƙuri sai wani makon.

Ga wanda bai san shi ba: baƙar fata ne ɗan Amurka, an haife shi a birnin St. Louis a 1932, ya rasu a Los Angeles a 1975 yana da shekara 43. Mabushin saksafon ne, kuma mai tsara kiɗa wa manyan ƙungiyoyin jaz.

"Assalamu alaikum Baba. Mahaifina ya rasu bara. Da muke kwashe kayan ɗakinsa sai na tarar da kwali cike da faya-fayan garmaho, a ciki har da wani mai suna *The Blues and the Abstract Truth* na Oliver Nelson, gefen bangonsa ruwan lemo da baƙi. Na duba intanet na ga iri-iri: wani bangon da hoton mutumin, wani babu, wani faifai ɗaya, wani biyu, kuɗinsu kuma ya sha bamban. Wanne ne na gaskiya? Namu ya tsufa, yana ƙaraf-ƙaraf. In sayar in sayi sabo?" Wani ɗalibi daga Zariya

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Kada ka sayar. Bari in fara da wannan kafin wani dillali ya riga ni zuwa wurinka.

Duk waɗanda ka gani kiɗa ɗaya ne, na rana ɗaya. Ranar 23 ga Fabrairun 1961 mutum bakwai suka shiga ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder a Englewood Cliffs, jihar New Jersey. Nelson da saksafon, Freddie Hubbard da turampet, Eric Dolphy da saksafon da sarewa, George Barrow da babban saksafon mai kaurin murya da ake kira bariton, Bill Evans a fiyano, Paul Chambers da bes, Roy Haynes a ganguna. Suka ɗauki kiɗa shida, duk Nelson ne ya rubuta su, jimla minti talatin da shida da 'yan kai. Kamfanin Impulse a lokacin jariri ne, wannan shi ne faifansa na biyar, shi ya sa za ka ga lamba A-5 a kan na mono, AS-5 a kan na sitiriyo. Na shida da ya biyo baya na shahararren mabushin saksafon John Coltrane ne. Launin lemo da baƙin da ka gani a gefe shi ne tambarin gidan; da gangan suka yi shi don a hango faya-fayansu daga nesa a kan kanta.

Abin da aka ɗauka a ranar yana kan tef ne, ni ina kiransa uwar tef. Kowane bugu da aka yi tun daga 1961 har yau, ko dai daga uwar aka ciro shi, ko daga 'yarta, ko daga jikarta. Duk kwafin da aka yi daga kwafi sai an rasa wani abu, kamar yadda muka riƙa gani a zamanin kaset: wanda aka kwafa daga na kamfani ras yake, amma in ya bi hannu huɗu sai ka ji mawaƙin kamar yana cikin rijiya. To tambayar da ya kamata ka riƙa yi wa kowane sabon bugu ita ce: daga wane tef aka yi shi, kuma wa ya yi aikin? Maganar bango ba ta kai wannan ba. Kamfanin da kansa ne ya canja bangon bayan fitowar farko ya sa hoton Nelson, don haka duka biyun halattattu ne.

Dalilin da ya sa iri ya yi yawa shi ne gidan ya yi ta sauya hannu. Impulse na kamfanin ABC-Paramount ne tun farko. A 1979 kamfanin MCA ya sayi sashen faya-fayan ABC. A shekarun 1990 reshen GRP ne ya riƙa fitar da su a faifan sidi. Yau suna hannun Universal, ƙarƙashin Verve. Kowane sabon mai gida sai ya sake fito da wannan faifan, domin shi ne kazar da ke yi musu ƙwai. Mai faifai biyun da ka gani kuwa an yanka shi ne a gudun juyi 45 a minti maimakon 33, wato kiɗan ya samu fili ya baje a kan faifai, sautin ya fi fita, amma za ka riƙa tashi kana juya faifai kusan duk minti goma. Ni gwiwata ba ta yarda da wannan ba. Akwai kuma na jerin Acoustic Sounds da Verve ta fara a 2020, shi ma wannan faifan na ciki, kuma aikinsu mai tsabta ne. Game da nauyin giram 180 da ake ta talla da shi, nauyi ba ya ƙara daɗin kiɗa. Yana dai rage lanƙwasa.

Wani abu da ya ƙara wa tambayar tef nauyi: a 2008 gobara ta cinye wani rumbun ajiya a harabar Universal a Hollywood, kuma a 2019 mujallar New York Times ta ba da rahoton cewa tef-tef na asali masu ɗimbin yawa sun ƙone, ciki har da na gidajen jaz. Kamfanin ya musanta girman asarar da aka ambata. Tun daga nan masu saye suka koyi karanta ƙananan rubutun da ke bayan bango.

Yanzu ɗauko na mahaifinka. Riƙe shi ta gefe, ka karkata shi ga haske, ka dubi santsin da ke tsakanin ƙarshen kiɗa da takardar tsakiya. In ka ga an buga RVG ko VAN GELDER a wurin, to mutumin da ya ɗauki sautin ne da hannunsa ya yanka ainihin abin da aka buga faifanka da shi. Masu tara faya-fayai a Japan da Turai wannan tambarin suke farauta. Shi Van Gelder, in ba ka sani ba, likitan gwajin ido ne ya mayar da falon iyayensa ɗakin ɗaukar sauti kafin ya gina nasa. Ko ba ka ga tambarin ba, ka riƙe abinka.

Ƙaraf-ƙaraf ɗin nan rabinsa ƙura ce. Sami ruwa mai tsabta wanda aka tace, da ƙyalle mai laushi wanda ba ya zubar da zare, ka goge kana bin zagayen layukan, kada ka ratsa su, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Bar shi ya bushe a inuwa. Ajiye su a tsaye kamar littattafai, ba a jibge ba, nesa da taga da rufin kwano. Na yi shekara goma sha tara ina kula da ɗakin faya-fayai a wani gidan rediyo, kuma na ga abin da zafin Afrilu ke yi wa faifan da aka bari a kujerar bayan mota: yana komawa kamar faranti da aka taka. Ranar da aka ce za a mayar da ɗakin nan ofis, aka loda dubban faya-fayai a buɗaɗɗiyar mota da tsakar rana. Na ceci abin da hannu biyu za su iya ɗauka. Har yau in na tuna raina yana ɓaci.

In kana son saurare kullum, saurara ta waya ko ka sayi sidi, ka bar na Baba don ranar da ka yi kewarsa.

"Malam, ni malamar firamare ce, mijina ne mai son jaz. Kullum yana cewa wane 'ya iya tsari'. Ni na ɗauka makaɗan jaz kowa abin da ya zo masa a ka yake busawa. To mene ne aikin mai tsara kiɗa?" Wata malama daga Maraɗi

Malama, ke da maigidan kowa na da gaskiyarsa. A jaz akwai wurin da mabushi ke fita shi kaɗai ya faɗi abin da ya zo masa nan take, akwai kuma wurin da aka rubuta. In mutum huɗu ne, ana iya daidaitawa da ido da ka. Amma babbar ƙungiya mutum goma sha shida ce zuwa sha takwas: turampet huɗu ko biyar, turambon huɗu, saksafon biyar, sai fiyano da bes da ganguna, wani lokaci da jita. Ki kwatanta ajinki in kowane yaro ya buɗe baki da abin da ya ga dama. Dole wani ya zauna da takarda da fensir ya rubuta wa kowane mutum nasa layin: wa zai ɗauki karin, wa zai yi masa amshi, wa zai riƙe ƙasa, yaushe za a yi shiru a bar mutum ɗaya, yaushe za a taso gaba ɗaya a rufe shi. Karin waƙar yana iya zama na wani, amma kayan da aka sa mata na mai tsari ne.

Ki ce wa maigidan ya sa miki "Stolen Moments", kiɗan farko a faifan da ɗalibin Zariya ya tambaya. Masu busa huɗu ne kacal, amma kunne zai rantse sun fi haka. Sirrin yana wurin George Barrow, mai bariton. A duk faifan ba a ba shi fili ya fita shi kaɗai ba, ko sau ɗaya. Aikinsa ya tsaya a ƙasa ya tallafi sauran ukun, kuma Nelson ya jera muryoyin kusa da juna yadda ba za ki iya zare ɗaya daga ɗaya ba. Cire Barrow, kiɗan ya zama miya ba gishiri. Nelson da kansa ya yaba masa a rubutun da ke cikin bangon.

Sannan ki lura da jerin masu fita. Hubbard ya fara da turampet, da ƙarfinsa na saurayi ɗan shekara ashirin da biyu. Dolphy ya biyo da sarewa yana tsalle-tsalle kamar tsuntsun da aka buɗe wa keji. Bayan wannan wuta biyu sai Nelson ya shigo a hankali, dogayen sautuka, yana ɗaukar ɗan guntun kari yana hawa da shi mataki-mataki, kamar mai ɗora tubali. Sai Evans ya rufe da fiyano a sanyaye. Wannan jerin ma tsari ne. Mutumin ya san in ya yi tseren gudu da Dolphy zai sha ƙasa, sai ya sa kansa inda natsuwarsa za ta fi amfani.

Kuma ba daga sama ya same shi ba. Yana ɗan shekara goma sha takwas zuwa sha tara yake busa wa mawaƙi Louis Jordan yana rubuta masa tsari. Ya yi aikin soja a rundunar Marines ta Amurka a cikin ƙungiyar makaɗansu, aka kai shi Japan, inda ya ji babbar ƙungiyar kiɗan Turawa ta Tokyo tana kaɗa ayyukan marubuta kiɗan Turai Ravel da Hindemith, abin ya shiga ransa. Da ya dawo ya karanci rubuta kiɗa a jami'o'in Washington da Lincoln a jiharsu ta Missouri. A New York ya zama mai tsari na gidan wasan Apollo da ke Harlem, inda duk mawaƙin da ya zo sai a rubuta wa makaɗan gida abin da za su raka shi da shi, cikin gaggawa. A nan hannunsa ya yi sauri.

"Alhaji, na ga wani akwatin sidi a kasuwar intanet, faifai takwas na Oliver Nelson a haɗe, kuɗinsa bai kai na sidi ɗaya na Impulse ba. Jabu ne?" Wani ɗan kasuwa daga Zangon Kumasi

Ba jabu ba ne a idon dokar Turai, amma ba daga uwar tef ya fito ba. Da can a Tarayyar Turai haƙƙin sautin da aka ɗauka shekara hamsin yake yi. Aka ƙara shi zuwa saba'in, dokar ta fara aiki a 2013, amma ba ta waiwayi waɗanda wa'adinsu ya riga ya ƙare ba. Saboda haka duk abin da ya fito kafin 1963 kowane ƙaramin kamfani a can yana iya bugawa. Duba jerin da ke cikin akwatin, za ka ga ya tsaya cak a 1962. Su ba su da tef ɗin, daga sidin wasu ko tsofaffin faya-fayai suke kwafa, su cusa faifai biyu a sidi ɗaya, sau da yawa ba sunayen makaɗa, ba ranar ɗauka.

In don ka san mutumin ne, saya, ba ka yi asara ba. Mafi yawan abin da ke ciki aikinsa ne na kamfanin Prestige daga 1959 zuwa 1961. Wanda ya kama ka a ciki, sai ka nemi bugun Original Jazz Classics (OJC), jerin da kamfanin Fantasy ya fara a farkon shekarun 1980 bayan ya mallaki Prestige. A lokacin su ne ke da tef ɗin, kuma sun mayar da bangon asali da rubutunsa. Ni rashin sunayen nan ne ke ba ni haushi. Faifan mai tsara kiɗa da ba a rubuta wa ya busa me ba, an yi maka rowar rabin abin da ka biya.

"Ranka ya daɗe, na yi shekara ashirin da shida ina busa saksafon a ƙungiyar badujala ta 'yan sanda kafin in yi ritaya. *The Blues and the Abstract Truth* na haddace shi. Amma duk inda na duba shi kaɗai ake magana a kai. Ina zan dosa bayansa? Kuma ina babbar ƙungiyar da ake cewa ya ƙware a kai, tunda wannan mutum bakwai ne?" Tsohon sufeto daga Kaduna

Yallaɓai Sufeto, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Faifan nan ya yi wa Nelson rana, ya kuma yi masa inuwa. An sake buga shi ban san sau nawa ba, alhali aikin da ya ci rayuwarsa, wato rubuta wa mutum goma sha bakwai, yana warwatse, kuma mafi yawansa da sunan wasu a gaban bango. Wanda zai nemi Nelson sai ya koyi juya faifai ya karanta baya.

Tunda kai mabushi ne, fara da busarsa. *Screamin' the Blues* na 1960 da *Straight Ahead* na 1961, duka da Dolphy. Na biyun kwana shida kacal bayan ranar da aka ɗauki faifan Impulse ɗin aka ɗauke shi, a ɗakin Van Gelder ɗin dai, kuma Roy Haynes ne a ganguna. A nan za ka ji mutum biyu da ba abin da ya haɗa salonsu, ɗaya yana gini ɗaya yana rushewa, kuma abin ya zauna. Sai *Sound Pieces* na 1966, inda ya ɗauki siririn saksafon, sofurano. Ka nemi kuma ɗan littafinsa na atisayen yatsu, *Patterns for Improvisation*. Har yau ɗaliban saksafon suna gumi a kansa, kuma in ka bi shi za ka gane daga ina tubalan nan na "Stolen Moments" suka fito.

Gargaɗi ɗaya. Akwai *More Blues and the Abstract Truth* na 1964. Sunan tarko ne na 'yan kasuwa. Nelson bai busa ko sau ɗaya a ciki ba, tsari kawai ya yi, makaɗan ma wasu ne: Thad Jones, Phil Woods, Pepper Adams, da dattijo Ben Webster a kiɗa biyu. Faifai ne mai kyau in ba ka shiga da tsammanin na farko ba. Na san mutum biyu da suka saya suka yi fushi, laifin sunan ne.

Babbar ƙungiya kuwa, da sunansa akwai *Afro/American Sketches* na 1961, *Full Nelson* a Verve, *Fantabulous* a Argo na 1964, da *Live from Los Angeles* na 1967. A 2006 kamfanin Mosaic ya tattara aikinsa na babbar ƙungiya na Argo da Verve da Impulse a akwati mai sidi shida. Su Mosaic adadi ƙayyadadde suke bugawa, in ya ƙare ya ƙare, don haka sai dai a hannun wanda ya gaji da nasa. In ka same shi kada ka tsaya dogon ciniki.

Amma ni inda na fi jin Nelson shi ne a bayan wasu. Ɗauki *Bashin'* na Jimmy Smith, mai kiɗan ogan, na 1962. Fuskar farko ta faifan da babbar ƙungiya ce. A "Walk on the Wild Side" Nelson ya bar ƙungiyar tana takawa a hankali, tana ƙara nauyi, tana ƙara nauyi, mai faifan ma bai shigo ba sai can tsakiya, kuma da ya shigo sai ka ji kamar an ɓalle ƙofa. Kiɗan ya shiga jerin waɗanda aka fi saye a Amurka, abin da ba kasafai jaz ke samu ba. Kai da ka yi fareti ka san darajar jinkirin nan kafin a ba da umarni. Daga nan sai *Goin' Out of My Head* na mai jita Wes Montgomery, da *The Dynamic Duo* inda aka haɗa Smith da Montgomery a 1966, da *Alfie* na Sonny Rollins a shekarar. Har James Brown: faifansa *Soul on Top* da ya fito a 1970, ƙungiyar Louie Bellson ce ta raka shi, tsarin na Nelson ne. Samarinmu na wancan lokaci da suka haukace da James Brown, har ya zo Legas a ƙarshen shekarar, kaɗan ne suka san wannan faifan.

Ba duka ne suka yi kyau ba, kada in yi maka ƙarya. *Monk's Blues* na 1968, inda aka sa shi ya yi wa mai fiyano Thelonious Monk tsari, a kunnena an sa wa mutumin babbar riga mai sitaci alhali shi da 'yar shara ya saba. Kiɗan Monk na son fili da gurabe, Nelson kuma ya cike kowane gurbi. Akwai kuma faya-fayan da aka ba shi waƙoƙin yayi ya yi musu kwalliya, kamar *Oliver Nelson Plays Michelle*. Aikin hannu ne mai kyau, amma ba zan tashe ka da dare don shi ba.

"Abokina, kana ta yabon mutumin nan, amma ni na ji an ce ya watsar da jaz ya tafi Hollywood neman kuɗi, yana yi wa finafinan talabijin kiɗa. Sannan mutum ya sa wa faifai suna Afro alhali yana zaune a New York, me ya sani game da mu?" Wani tsohon abokin aiki daga Kano

Na gane mai wannan rubutu ko bai sa suna ba, shekara talatin muna wannan gardamar a bakin masallaci.

Gaskiya ne ya koma Los Angeles a 1967, kuma ya yi wa shirye-shiryen talabijin kiɗa: *Ironside*, *Columbo*, *Night Gallery*, da *The Six Million Dollar Man*, wanda taken buɗe shi ma nasa ne. Kai da ka zauna gaban akwatin baƙi da fari kana kallon mutumin nan mai ƙafar ƙarfe yana gudu a hankali, kiɗan Nelson kake sha ba ka sani ba. Amma a tuna wane zamani ne. A ƙarshen shekarun 1960 gidajen rawan jaz suna rufewa, matasa sun koma wani kiɗan, riƙe mutum goma sha bakwai da albashi ya gagari kusan kowa. Mutum da iyali, ga shi ya iya rubuta wa kowace irin ƙungiya cikin dare ɗaya, ga ƙofar da ba a cika buɗe wa baƙar fata ba ta buɗe. Ni ban ga abin zargi ba. Abin da na gani shi ne aikin ya yi masa yawa. Kiɗan talabijin na mako-mako ba ya jira, kuma bai daina karɓar aikin jaz ba. A 1970 kaɗai ya yi wa Johnny Hodges tsarin *3 Shades of Blue*, ya yi wa Louis Armstrong na *Louis Armstrong and His Friends*. A 1971 yana Montreux ta Suwizalan da babbar ƙungiya, abin da ya fito a matsayin *Swiss Suite*. A watan Oktoban 1975 ya faɗi, aka ce bugun zuciya ne. Abokan aikinsa da yawa sun ɗora abin a kan gajiya.

Wanda yake cewa ya watsar da abin da ke ransa, ya saurari *Black, Brown and Beautiful*, da ya yi wa kamfanin Flying Dutchman na Bob Thiele bayan kisan Martin Luther King a 1968. Kiɗa ne na makoki da fushi, wani wurin ma ba jaz ba ne, ya fi kusa da abin da ya ji a Tokyo yana soja. Shekaru da yawa samunsa sai an sha wuya, sai da kamfanin Ace na Ingila ya sake fito da kayan Flying Dutchman. Irin wannan ne sake bugun da nake yi wa murna, ba a ƙara mini bugu na goma sha na abin da nake da shi ba.

Batun Afro kuwa, na ba ka rabi. *Afro/American Sketches* labarin kakanninsa yake bayarwa da kiɗa, daga kamu a Afirka, zuwa bauta, zuwa 'yanci, zuwa ƙaura arewacin Amurka. Gangunan da ke ciki konga ne a hannun Ray Barretto, ɗan New York mai asalin Puerto Rico. Ba kalangu, ba kotso, ba wanda zai ji ya ce ga kiɗan garinsu. Afirkar cikin faifan ta zuci ce, ta mutumin da aka raba da gida shekara ɗaruruwa. Inda faifan ya fi ƙarfi shi ne inda ya koma abin da ya sani tun yana yaro, kiɗan coci da buluz, kamar "Emancipation Blues". Sai dai bai tsaya a hasashe ba. A 1969 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta turo shi rangadi ƙasashen Afirka ta Yamma da ƙungiyar mutum bakwai, irin rangadin da ya kawo Armstrong Najeriya a 1960. Ya zo, ya busa, ya saurari makaɗan da ya tarar.

Kuma tunda ka tsokane ni a bainar jama'a: *Straight Ahead* ɗina da ka ara tun kafin auren babbar 'yarka yana wurinka. Na OJC ne, akwai ɗan tabon shayi a kusurwar bangon ta hagu. Ranar Juma'a bayan an sauko zan biyo in karɓa.